Amsa ga mai tambaya kan ƙa'idojin tashi da jirgin rimot

Ɗan'uwa, ka tambaya ko duk ƙa'idojin tashi da jirgin rimot, wato ƙaramin jirgin sama da ake tuƙa shi daga ƙasa, sun shafe ka, tunda jirginka na soso ne, bai kai kilo ɗaya ba, kuma a filin ƙwallo kusa da gidaje kake son tayar da shi. Na daɗe a wannan harka, kuma a ganina wasu ƙa'idojin suna karɓar jayayya, wasu kuwa ba sa karɓa.

A Amurka, hukumar FAA mai kula da zirga-zirgar jiragen sama ta wajabta rajista tun Disamba 2015 ga jirgin da ya haura giram 250, ga kuma iyakar tsayi ta ƙafa 400, wato kusan mita 120. Birtaniya ta kawo tata rajistar a 2019, bayan rahotannin ganin jirage marasa matuƙi sun tsayar da filin jirgin Gatwick a Disamba 2018. Masu jiragen da ke shawagi ba inji suna ƙorafin cewa wannan tsayi ya yi musu kaɗan, domin iska mai ɗumi da ke hawa sama suke bi, kuma laifin wasu ne ya shafe su. Ina ganin ƙorafinsu yana da tushe, ko da yake wannan ba hujja ba ce ta karya dokar ƙasarka.

Abin da ba na jayayya a kansa shi ne shawagi a kan mutane. A Disamba 1979, wani jirgin rimot ya faɗa cikin 'yan kallo a filin wasa na Shea da ke New York, ya yi ajalin mutum ɗaya. Soso ba ya yanka, gaskiya ne, amma injin da farfelar da ke hancin jirgin ba na soso ba ne, kuma farfelar injin lantarki ba ta tsayawa don ta gamu da yatsa, ƙara jan wuta take yi. Na ga wani yana gyaran saiti a kan tebur, hannun rigarsa ya taɓa sandar ƙara gudun inji da ke jikin rimot, kafin a ankara jini ya wanke masa tafin hannu. Saboda haka ka cire farfela duk lokacin gyara, ka fara kunna rimot kafin haɗa batir, kuma ka fara cire batir kafin kashe rimot. Ka gwada a ƙasa ka tabbatar injin yana mutuwa da zarar sigina ta ɗauke.

Batirin LiPo ma, wato irin batirin lithium da waɗannan jirage ke amfani da shi, kada ka bar shi yana caji ba kowa a wurin. Kowane sel, wato ƙwayar batir da ke cikinsa, kada ya wuce volt 4.2, a ajiye shi a kusan volt 3.8, batirin da ya kumbura kuma a daina amfani da shi.

Filin ƙwallon nan ban ba ka shawara ba, domin yara na jin ƙarar jirgi za su rugo, kai kuma idonka yana sama. Ka nemi fili da ke nesa da gidaje da filin jirgi, ka sami gwani ya haɗa rimot ɗinsa da naka don ya karɓi tuƙi idan jirgin ya juyo gare ka hagu da dama suka rikice maka.