Tambaya da Amsa: Bikin Abissa a Grand-Bassam

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Tahoua, kuma ina shirin zuwa Abijan bayan girbin gero domin in ziyarci yayana. Wane biki ne zan iya tararwa a bakin teku a wannan lokaci?

Amsa: Alhaji, Allah ya kai ka lafiya. Idan tafiyarka ta dace da ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, to ka nufi Grand-Bassam, mai tazarar kilomita kusan 40 gabas da Abijan, inda ƙabilar Nzima ke gudanar da Abissa, bikinsu na sabuwar shekara. Ana fito da babban tambarin gargajiya, jama'a su shafa farar ƙasa a fuska, su yi kwanaki suna rawa a dandali. Abin da ya fi burge mu shi ne yadda ake bai wa mawaƙa damar tona laifuffukan sarakuna da manyan gari a bainar jama'a ba tare da an hukunta su ba, sannan a yafi juna kafin shekara ta kama.

Garin kansa abin kallo ne, domin Faransawa sun mayar da shi babban birnin ƙasar Cote d'Ivoire na wancan lokaci a 1893, kuma UNESCO ta sanya tsohuwar unguwarsa cikin wuraren tarihi na duniya a 2012.

Ka tanadi laima, saboda lokacin ƙaramar damina ne a can, kuma ka riƙe katin rigakafin shawara. Kada ka shiga teku, domin igiyar ruwan Bassam tana jan ko da gwanin iyo.