Tambaya da Amsa: Florida za mu nufa neman 'yan wasa, ko mu tsaya a Ohio?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina karatun digiri na biyu a wata jami'a a jihar Ohio, kuma ina aiki a ofishin ɗaukar 'yan wasa na ƙungiyar ƙwallon Amurka ta makarantar. A rukunin MAC muke, wato gasar jami'o'i masu matsakaicin ƙarfi na Ohio da jihohin kewaye. Kaka biyu ke nan muna shan kashi, ana ta raɗe-raɗin cewa in aka sake a bana za a sallami babban koci da duk na ƙasa da shi, har da ni, alhali da wannan aikin nake biyan kuɗin makaranta. An ce in tsara taswirar yankunan da mataimakan koci za su riƙa zuwa. Wani tsohon ɗalibi mai ba mu gudummawa ya kafe a kan mu kwashe kuɗin tafiye-tafiye mu zuba a Florida da Texas da Georgia, wai can masu taurari suke, wato yaran sakandaren da masu auna 'yan wasa ke ba babban maki. Har ya haɗa mu da wani mutum a can da zai riƙa kawo mana yara in mun biya shi kuɗin rahoto. Wallahi barci ya ƙaurace mini. Ina zan sa alƙalami?

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sa albarka a karatu.

Mu fara sallamar mai rahoton, don shi ne zai iya jefa ku cikin masifa tun ba a buga wasa ko ɗaya ba. Jami'ar Oregon ta biya wani mutum a Houston dala 25,000 da sunan rahoton 'yan wasa. Da magana ta fito a 2011 aka duba takardun, sai aka tarar yawancinsu tsofaffin bayanai ne na yaran da suka riga suka gama sakandare. Kusancinsa da yaran shi ne hajar da yake da ita. A 2013 hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'in Amurka, ta sa makarantar a ƙarƙashin sa ido na shekara uku, ta kuma ɗaura wa koci Chip Kelly takunkumin wata 18, ko da yake a lokacin ya riga ya tsallaka NFL, gasar ƙwararru. Shi yana da wurin tsallakawa, kai ba ka da shi. Duk wanda ya ce "zan kawo muku yara" dillali ne, ko da wane suna ya rubuta a katinsa. Ka miƙa sunansa ga ofishin bin ƙa'ida na makarantarku a rubuce, ka ajiye kwafi, ka zame.

Sai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, wanda kusan kullum sai na ji shi daga bakin masu gudummawa da 'yan sharhin intanet: wai tunda ƙwararru a kudu suke, kowa ya nufi kudu.

Mai gudummawarku bai yi ƙarya ba. Texas da Florida da Georgia da California su ne kan gaba wajen fitar da 'yan wasa, kuma in aka auna da yawan jama'a, Louisiana da Mississippi da Alabama ba a baya suke ba. To amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Taswirar nan da ya gani, kowa ma ya gan ta. A Texas kaɗai akwai makarantu 13 a FBS, babban matakin ƙwallon jami'o'i, a Florida akwai 7. Kafin su ma, manyan jami'o'in kudu na rukunin SEC da irin su Ohio State sun shigo sun ɗebe na sama. Sai makarantun gida su ɗiba, sai na rukunin American da Sun Belt, waɗanda ke iya ce wa uwar yaro za ta riƙa ganin ɗanta duk Asabar. Sannan layi ya zo kanku, da jakarku da rigar sanyinku. Yaron da ya rage muku a Tampa ta Florida, me ya sa kake zaton ya fi wanda ke Dayton ko Canton ko Youngstown, nan cikin Ohio? Na Tampa sau ɗaya mataimakinku zai gan shi, na 'yan mintuna, a ofishin kocin sakandare da bai san shi ba. Na Canton kuwa za ku gan shi daren Juma'a a fili, ku gan shi a kokawa lokacin hunturu, ku kira shi sansaninku na bazara ku auna gudunsa da agogonku, ku ji daga malamin lissafinsa ko yana zuwa aji.

Su kansu taurarin, waye ke raba su? Kamfanonin labarai ne irin su 247Sports da Rivals da ESPN, masu sayar da rajista ga magoya baya. Ba na raina aikinsu a sama. Masu tauraro biyar wajen 32 ne kawai a shekara, kuma ƙungiyoyin da ke cin kofin ƙasa cike suke da masu huɗu da biyar. Amma wannan ba kasuwarku ba ce. Ku kuna zaɓe ne tsakanin masu uku da masu biyu da marasa ko ɗaya, kuma a nan ƙasa awon ya yi rauni ƙwarai. Ba su da idanun da za su kalli dubban yara da kyau. Sau da yawa tauraron yana biyo bayan tayin da wata babbar makaranta ta yi ne, ko kuma yaron ya halarci sansanin da ubansa ya iya biya. A manyan sakandaren Texas akwai atisayen bazara, akwai awar motsa jiki a cikin jadawalin darasi, akwai ɗakin ɗaga ƙarfe da ya fi na wasu jami'o'i. Yaro ya zo muku a goge, amma wani lokaci ya kusa ƙure abin da jikinsa zai bayar. Ɗan ƙauyen arewacin Ohio da ke buga ƙwallon kwando da jifan dalma, dogo siriri, bai taɓa cin abincin 'yan wasa ba, shi ne wanda shekara uku a hannun mai horar da ƙarfinku za ta mayar wani abu. Eric Fisher ɗan wajen Detroit ne, manya ba su kula shi ba, ya je Central Michigan, a 2013 shi aka fara ɗauka a duk zaɓen sababbin 'yan wasa na NFL. Ben Roethlisberger ɗan Findlay ta Ohio ne, sai a shekararsa ta ƙarshe a sakandare ya zama mai jifa, jami'ar Miami ta Ohio ta samu shi. Ba jirgi aka hau aka nemo su ba.

Kuma mai gudummawarku yana lissafi ne irin na da, lokacin da in yaro ya sa hannu ya zauna ke nan. Tun Oktoban 2018 aka buɗe kundin masu sauya sheƙa, wato rajistar 'yan wasan da ke son komawa wata makaranta. A 2021 aka yarda ɗan wasa ya sauya makaranta sau ɗaya ba tare da zaman shekara ba, a Yulin shekarar kuma aka halatta masa samun kuɗi da sunansa. Zuwa 2024 an cire iyakar sauyin ma gaba ɗaya. Yanzu a ce ka ɗauko yaro daga Fort Lauderdale ta Florida. Ka san wasanninku na Nuwamba, daren Talata ko Laraba saboda talabijin, iska na kaɗawa daga tafkin Erie, kujeru rabi babu kowa, uwarsa na aiki washegari ba ta da kuɗin jirgi. In ya yi fice, masu kuɗi su ɗauke shi. In ya zauna a benci, kewar gida ta ɗauke shi. Ta kowace fuska kun yi wa wani kiwo. Wanda gidansu ke tafiyar awa biyu a mota, da kakarsa da ƙannensa a bayan benci, yana da abin da zai sa ya yi tunani sau biyu kafin ya tattara kaya.

Na san abin da zai ce maka. Zai kawo Khalil Mack, ɗan Fort Pierce a Florida, wanda ya yi Buffalo aka ɗauke shi na biyar a zaɓen NFL na 2014. Zai kawo Quinyon Mitchell ɗan Williston ta Florida, wanda ya yi Toledo har Philadelphia ta ɗauke shi a zagayen farko a 2024. Gaskiya ne, kuma duka 'yan MAC ne. Amma ka tambaye shi yadda Mack ya je Buffalo. Wani mataimakin koci, Robert Wimberly, shi ya fara bibiyarsa tun yana aiki a Liberty, da ya koma Buffalo yaron ya bi shi. Mutum ya bi, ba makaranta ba. Yanki yana zama naku ne in kuna da wanda kocin sakandaren wurin zai ɗaga wayarsa, ya kuma faɗa masa gaskiya, har da cewa "wannan kada ka ɗauka, ba ya jin magana". Koci Matt Rhule ya gane haka da ya bar jami'ar Temple ya je Baylor ta Texas. Baƙo ne a Texas, sai ya ɗauko kocin sakandare irin su Joey McGuire na Cedar Hill ya sa cikin ma'aikatansa. Wasa ɗaya suka ci a 2017, a 2019 suka ci 11. Kuna da irin wannan mutumin a Texas? In babu, kuɗin otal kawai za ku kashe.

Abin haushin ma, kuna can kuna yawo wasu na shigowa gidanku. Daga 2013, lokacin da suke jami'ar Kentucky, koci Mark Stoops da mataimakinsa Vince Marrow, dukansu 'yan Youngstown, sun mayar da Ohio gonarsu. Benny Snell da Lynn Bowden duk daga nan suka kwashe su.

To ga yadda zan ja layin in ni ne. Ka zana da'irar tafiyar awa huɗu zuwa biyar a mota daga harabarku. Za ta haɗa Ohio duka, da Detroit, da yammacin Pennsylvania wajen Pittsburgh, da Indianapolis, da arewacin Kentucky, watakila har gefen Chicago. Mafi yawan kuɗi da lokaci nan za su tafi. Kowace sakandare a Ohio a ba ta mataimakin koci da sunansa, ko tana da yaro bana ko ba ta da shi, don kocin da ka gaisar a shekarar da ba shi da kowa shi zai kira ka a shekarar da yake da shi. Na san makarantun MAC shida ne a jihar, ga Cincinnati ga Ohio State, ba a sake kuke ba. Amma a nan da tsaranku kuke kokawa.

Har yaran da kuka san za su kuɓuce muku zuwa manyan jami'o'in rukunin Big Ten, ku neme su da mutunci, ku rabu lafiya. Bayan shekara biyu wasunsu za su gaji da benci su shiga kundin sauya sheƙa suna neman kusa da gida, kuma lambar da ke cikin wayarsu ita za su fara kira.

Nesa kuma, wuri ɗaya ko biyu, kuma gari za ka rubuta ba jiha ba. "Florida" ba amsa ba ce. Gundumar da mataimakinku ya taso ko ya koyar, wadda kuke da 'yan wasa daga cikinta yanzu da za su karɓi baƙo, wadda jirgi ke zuwa kai tsaye daga Detroit ko Cleveland ko Columbus, ita ce amsa. A je can don gurbin da gida bai cika bayarwa ba, wato masu gudu da masu tsaron gefe. Koci Barry Alvarez haka ya gina ƙungiyar jami'ar Wisconsin daga 1990: ƙattin sahun gaba daga gida, masu gudu daga inda yake da hanya. Ron Dayne ɗan New Jersey ne, haka Jonathan Taylor da ya zo bayan shekaru ta wannan hanyar. North Dakota State kuwa ta tara kofuna goma na FCS, matakin da ke ƙasa da FBS, daga 2011 zuwa 2024, akasari da yaran Dakota da Minnesota da Wisconsin.

Kada ka je wurin koci da ra'ayi, ka je da takardunku. Ka ɗauko duk wanda kuka ɗauka a shekaru biyar ko shida da suka wuce, ka raba su gari-gari: nawa suka zama 'yan farko, nawa suka kammala digiri, nawa suka tafi, nawa aka kashe kafin kowanne ya sa hannu. Ka ƙara layi ɗaya na waɗanda suka maƙale a cibiyar tantancewa ta NCAA, don yaron da bai cika darussa 16 na dole da makin 2.3 ba, ko iska yake gudu ba zai buga muku ba, kuma wannan ofishi ba ya sauri don kocinku na cikin matsi. Aikin kwana biyu ne a kwamfuta, kuma abin mamaki ƙungiyoyi da yawa ba sa yi.

Tunda kai ɗan gida ne, na san ana turo maka bidiyon ƙatti daga Najeriya da Ghana. Hanyar tana nan, NFL ta yi sansaninta na farko a Afirka a Ghana a 2022, tana kuma da makarantar horo a Ingila. Amma yaron da bai taɓa sa kwalkwali ba aikin shekaru ne, ga tantance takardun sakandare, ga bizar ɗalibi da ke taƙaita kuɗin da zai iya samu. Ostiraliya ta zama matattarar masu bugun nesa ne saboda akwai cibiyar Prokick da ke horar da su kafin su taso. Ka gaya wa iyaye a gida kada su biya kowa kuɗi da sunan zai samo wa ɗansu gurbi a Amurka. Jami'a ba ta sayar da tayi.

Ka kuma faɗa wa kocinka abin da ya riga ya sani: ɗan sakandaren da zai sa hannu a Disamba ba zai ceci kakar bana ba, da wuya ma ya ceci ta baɗi. Ramukan gaggawa da masu sauya sheƙa da 'yan kwalejojin shekara biyu na Kansas da Iowa da Mississippi ake cike su, wannan kasafi daban ne, kada a gwama shi da taswirarka. Shi kuma mai gudummawa kada ka yi musu da shi a gaban mutane, ba matsayinka ba ne. Ka ba koci teburin alƙaluman ya nuna masa da kansa, a roƙe shi ya ɗauki nauyin sansanin bazara da taron kocin sakandaren Ohio, a rubuta sunansa a jikin rigunan.