Damuwa, haɗiyar zuciya da haƙurin da ake yi wa gurguwar fahimta

Wani ɗalibi ya tambaya: Malam, mene ne Hausar "sitires"?

Toh ni dai wannan sitires da tenshan da matasa suka ɗauko suna ɗan sosa min rai, dan ba rasa kalma muka yi ba. Zullumi na abin da bai zo ba ne, kana jiran sakamakon gwajin asibiti barci ya gagare ka. Fargaba ta fi shi kaifi. Damuwa kuwa daga "dama" ta fito, kaman a shiga ruwa kwantacce a dama shi har laka ta taso, haka abu ke damun mutum. Ita ce ta fi kusa da abin da kake nema.

Wata baiwar Allah ta ce: Malam, da gaske ne mutum na haɗiyar zuciya ya mutu, ko salon magana ne kawai?

'Yar uwa kin taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Ki lura, Bahaushe in zai faɗi damuwa jiki yake nunawa, gabana ya faɗi, hantar cikina ta kaɗa, cikinsa ya ɗuri ruwa, zuciya ta tafasa, jikina ya yi sanyi. Masu cewa duk adon harshe ne ba su saurara da kyau ba. In hankali ya tashi wasu 'yan halittu da ke saman ƙoda suna sakin sinadaran adirinalin da kotisol, zuciya ta ƙara gudu, jini ya hau, suga ya ƙaru a jini dan mutum ya samu ƙarfin gudu ko kare kai, wannan ba laifi in na ɗan lokaci ne, matsalar ita ce bashi ko rigimar gida da za su yi wata da watanni jiki na cikin wannan hali ba sauka, sai ciwon kai, ciwon wuya da kafaɗa, rashin barci, garkuwar jiki ta yi rauni. Tun 1936 wani masani mai suna Hans Selye ya ga haka a jikin ɓerayen da ya sa cikin matsi a Kanada, har gyambo ya samu a cikinsu. A Japan kuma a 1990 likitoci suka bayyana ciwon da suka kira takotsubo, inda mummunan labari kaman rasuwa ke sa naman zuciya ya saki farat ɗaya tamkar bugun zuciya, ya fi kama mata masu shekaru. Yawanci ana warkewa cikin makonni, amma akwai wanda yake tafiya da shi. Ni duk sanda na karanta bayaninsa haɗiyar zuciya ce ke faɗo min.

Tambaya: Damuwa ce ke kawo olsa?

Ka ce gyambon ciki. Akasari ƙwayar cuta ce, wasu likitoci biyu, Marshall da Warren, suka gano ta a 1982 a Ostiraliya. Damuwa na iya tsananta raɗaɗin, amma a je a yi gwaji.

Wani magidanci ya ce: Tunda "haƙuri maganin zaman duniya", ba shiru ya kamata mai damuwa ya yi ba?

A'a Malam, nan ne mutane ke ƙure min haƙurin nawa. Mutum ya zo idonsa ja, ya rame, hannu na rawa, kafin ya rufe baki an ce masa "sai haƙuri" an tashi. Haƙuri juriya ce da rashin gaggawa, bai hana faɗin abin da ke ci maka tuwo a ƙwarya ba, kuma Bahaushen da ya yi wancan karin shi ya ce barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Ka samu wanda ka yarda da shi ka amayar. Ka riƙa taka ƙafa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla minti 150 a mako, barci kar ya gaza awa 7, ka ajiye waya in dare ya yi. In ƙirji ya cushe ka zauna ka ja numfashi a hankali ka sauke a hankali. Ka auna jininka, in yana kai 140/90 a kai a kai, ko damuwar ta hana ka aiki da cin abinci, ga likita.

Tambaya: Hawan jini ko hauhawar jini?

Duk ana faɗa, amma hawan jini shi ya zauna a bakin mutane, shi nake amfani da shi.