Ƙanina ya ce hodar iblis ba ta kama shi ba, gaskiya ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ƙanina ɗan kasuwa ne mai shekara 27, yana zirga-zirga tsakanin Kano da Legas. Mun gano yana shaƙar hodar iblis. Da muka zaunar da shi sai ya ce ba ta kama shi ba, domin yakan yi mako guda bai taɓa ta ba, kuma ba ya amai ko rawar jiki irin na masu shan kodin idan sun rasa. Shin yana da gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya yaye masa. Ban duba shi ba, amma hujjar da ya kawo ba ta wanke shi, ita ce ma ta fi damuna.

Kodin da tiramadol suna kama jiki, mai sha idan ya rasa kowa zai gani: gumi, zawo, ciwon gaɓoɓi. Hodar iblis, wadda ake tacewa daga ganyen koka na ƙasashen Kolombiya da Peru da Bolibiya, a ƙwaƙwalwa take kamun ta. Akwai sinadarin da ake kira dofamin, shi ke sa mutum ya ji daɗi idan ya ci abinci ko ya yi ciniki mai riba. A bisa al'ada, da ya gama aikinsa sai jijiyar da ta sake shi ta janye abinta. Hodar nan toshe hanyar janyewar take yi, sai dofamin ya taru, mutum ya ji ƙarfi da surutu da ganin ba wanda ya fi shi. Sai dai daɗin gajere ne: minti 15 zuwa 30 ga mai shaƙa, minti 5 zuwa 10 ga mai zuƙar hayaƙinta. Yana sauka sai ƙunci ya biyo baya, sai a ƙara. Shi ya sa masu ita ke kwana suna ƙarawa har kuɗi ya ƙare, sannan su kwanta da kasala, barci mai yawa, yunwa da baƙin rai. Wannan makon da yake cewa ya huta, sau da yawa kwanakin farfaɗowa ne kafin zagaye na gaba.

Kuma ƙwaƙwalwa ba ta mantuwa. Ganin abokin da suke yi tare, ko ɗakin da suka saba, ko shigar kuɗi hannu, ya isa ya ta da jarabar bayan watanni. Don haka ku bar ƙirga kwanaki. Ku duba ko ya sha cewa ya bari kuma ya koma, ko jari na zurarewa, ko ya fara zargin mutane ba dalili.

Haɗarinta ba ya jiran sabo. Tana matse jijiyoyin jini, tana ta da bugun zuciya, har matashi mai lafiya kan samu ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Idan aka haɗa ta da giya, hanta na samar da wani sinadari da ya fi daɗewa a jiki, ya ƙara wa zuciya nauyi. Kada kuma a ɗauka abin na nesa ne: a watan Satumban 2022 hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA ta kama kimanin tan 1.8 na hodar a Ikorodu ta Legas.

Har yau ba a amince da wata ƙwaya ko allura da ke warkar da wannan jaraba ba, wanda duk ya ce yana sayar da ita kuɗinku yake so. Abin da ke aiki shi ne zama a kai a kai da ƙwararru, gwajin fitsari, ƙarfafa gwiwa idan ya tsaya, da raba shi da abokan harkar. Ina roƙonku kada ku kai shi inda ake ɗaure mutane da mari, duka ba ya gyara ƙwaƙwalwa. Ku je asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano ko na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. A makonnin farko ku sa masa ido sosai, domin baƙin ran kan kai wasu ga tunanin kashe kansu. Idan kuwa ya yi kukan ciwon ƙirji, ko ya faɗi yana jijjiga, ku garzaya da shi asibiti nan take, ku faɗa wa likita abin da ya shaƙa ba tare da kunya ba.