Na kai ƙara ofishin walwala, sun zo sau ɗaya ba su dawo ba

Tambaya: Salam Anti. Maƙwabcinmu ya saki matarsa, yara uku suna hannunsa, shi direban babbar mota ne sai ya yi sati biyu baya gida, amaryar kuma ba ruwanta da su, ƙaramin duk ya rame har gashinsa ya yi ja. Na kai ƙara ofishin walwala, wata ma'aikaciya ta zo ta yi rubuce-rubuce ta tafi, yau wata biyu shiru. Dan Allah ya zan yi? Daga wata uwa a Kano.

Amsa: Wa alaikis salam 'yar uwa, Allah ya saka miki da alheri. Ki fara da ƙaramin nan, rama da jan gashi alamun tamowa ne, ki samu mai unguwa a kai shi asibiti yau-yau, kuma a adana katin dan zai zama shaida.

Kin ga sakaci ba kamar duka bane da za a ga tabo, ma'aikaciya in ta zo ranar da aka ɗora tukunya sai ta ga gida lafiya lau ta rufe fayil. Ni a ganina nan ne gyaran yake, kowace ƙara a ba ta ma'aikaci ɗaya da zai bi ta har ƙarshe, ya riƙa dawowa ba sanarwa, ya ja yaran gefe ba a gaban matar uba ba, ya tambayi malamin islamiyyarsu, sannan a bambance gidan da babu ce ta yi musu yawa da gidan da akwai amma an hana. Kuma gwamnati ta ba su kuɗin zirga-zirga, wallahi ba a bin gida-gida da aljihu wayam. Dokar kare haƙƙin yara dai akwai, ta tarayya tun 2003, Kano ma ta yi tata a 2023.

Ki koma ofishin da takarda a rubuce, ki riƙe kwafi, in sun ƙara shiru ki wuce Ma'aikatar Mata ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam.

Sannan ina uwar yaran? A mazhabar Malikiyya ita ce ta fi cancanta da riƙonsu, in ta yi aure sai kakarsu ta wajen uwa, ciyarwa kuma tana kan uba. Ki nemo ta ko danginta ki faɗa musu abin da idonki ya gani, su je kotun shari'a da katin asibitin.