Amsa kan tallafin gwamnati a lokacin karayar tattalin arziki

Malam, ka tambaya ko gwamnati na iya agaza wa talaka ba tare da tauye haƙƙin ma'aikaci ba. Ƙwarai kuwa. Bayan karayar 1929 a Amurka, gwamnatin shugaban ƙasa Roosevelt ta ɗauki miliyoyin marasa aiki gina hanyoyi da makarantu. Dokar 1935 ta kare ƙungiyoyin ƙwadago, ta 1938 ta kafa mafi ƙarancin albashi.

Mu nan Kamaru fa? A 1993 an zaftare albashin ma'aikata sau biyu, a Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Babanmu malamin makaranta ne a Garwa. Wallahi ban manta ranar da ya tura kekensa kasuwa ya dawo da buhun dawa ba, Inna na tsaye bakin zaure ta yi shiru.