Ɗana ya hau jirgin yaƙi, ba za a kama shi ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana da ke karatu a Amurka ya turo mini hoto yana tsaye a kan wani ƙaton jirgin ruwan yaƙi, ga bakunan igwa a bayansa. Wai a garin Mobil ne, jihar Alabama. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Ana barin baƙo ya hau kayan soja har ya ɗauki hoto?
Wata uwa daga Gusau

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, tikiti ya yanka ya shiga. Jirgin, USS Alabama, ya ajiye aiki tun 1947, yanzu gidan tarihi ne.

A 1942 ya fara aiki, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Ya taɓa tekun Atlantika, daga baya aka tura shi Fasifik wajen gwabzawa da Japan. Tsawonsa mita 207, kusan filin ƙwallo biyu ke nan. Manyan igwoyin nan tara ne, harsashi guda kan haura tan ɗaya. Mutum wajen 2,500 suka rayu a cikinsa, gadajensu wani bisa wani kamar kantar shago.

Ni dai yadda ya tsira ne ya fi burge ni. A 1962 aka yi shirin yayyanka shi a sayar da ƙarfen, irin cinikin 'yan gwangwan. Mutanen jihar suka ce jirgin da ke ɗauke da sunansu ba zai ƙare haka ba, aka shiga karo-karo. 'Yan makaranta kaɗai, da 'yan silallan kashewarsu, sun tara kusan dala 100,000. A 1964 aka jawo shi tun daga jihar Washington, ta mashigin Panama, aka buɗe wurin ranar 9 ga Janairu, 1965. Guguwar Katrina ta karkatar da shi a 2005, sai da aka sha aiki kafin ya miƙe.

A filin gidan tarihin akwai jiragen sama, har da B-52 mai ruwan bama-bamai, da A-12 na leƙen asiri. Sai dai ki ja masa kunne, sansanin sojan da ke aiki daban ne, can ba a ɗaukar hoto sai da izini.

Ki kuma tambaye shi ko ya shiga USS Drum, jirgin ƙarƙashin teku da aka girke a kan tudu. Ƙofofin cikinsa, sai mutum ya sunkuya ya ɗaga ƙafa kafin ya wuce. In dogo ne, ki duba goshinsa a hoto na gaba.